Jawabi A Kan Wani Itace Mai Yaɗo Na Tsibiran Hawai

Yau zancenmu a kan wani ɗan itace ne na tsibiran Hawai, waɗanda ke tsakiyar tekun Pasifik, fiye da mil 2,000 daga gaɓar Amurka. Masana suna kiransa Gouania vitifolia, watau mai ganye irin na inabi. Dangin magarya ne da kurna, amma shi ba ya tsayuwa da kansa. Yaɗo ya ke yi, yana kama itatuwan kurmi da 'yan zarurruka kamar na duma, har ya hau bisa ya sami rana. Ba ya fita ko'ina cikin duniya sai can, galibi a duwatsun Wai'anae na tsibirin O'ahu.

To, ga abin da ya sa ya kusa ƙarewa. Kafin zuwan mutane babu dabba mai kiwo ko ɗaya a tsibiran nan, saboda haka yawancin tsirran can ba su da ƙaya. Magaryarmu ta san akuya tun fil azal, shi kuwa bai san ta ba. Mutanen farko suka zo da aladu, cikin 1778 kuma Kyaftin Kuk ya sauke awaki. Suka bazu cikin duwatsu ba makiyayi, akuya ta cinye toho, alade ya tone saiwa.

Amma a ganina wuta ta fi su ɓarna. An kai ciyawar Gini daga Afirka domin shanu, ita kuwa ta saba da gobara. In ta bushe ta kama, da an yi ruwa sai ta sake tohowa daga gindinta. Kurmin da ya ƙone kuwa ba ya komowa, ciyawa ce ke gaje wurin. Kowace gobara sai ta ƙara mata fili.

Cikin 1994 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da dokar 1973 ta tsare. Aikin da a ke yi wa irin waɗannan tsirrai shi ne a kewaye su da shingen waya, a fid da awaki, a nome ciyawa. Har wa yau akwai lambun Lyon a Honolulu, inda a ke ajiye irinsu cikin sanyi. Shingen nan yana cin kuɗi, sai kuwa an riƙa zagaya shi, gama kafa ɗaya ta ishi alade.