Fage, Sutura da Ɗaukar Hoto: Yadda Ake Auna Wasan Talabijin Mai Gajeren Zango



Wasan da nake nufi a wannan lacca shi ne wanda aka ƙayyade masa kashi huɗu, ko biyar, ko takwas, labari ya ƙare a tashi. Mu manazarta adabi mun saba da auna wasa ta fuskar jigo da zubi da salo, wato abin da kunne ya ji. To, amma wasan talabijin da ido ake fara karɓarsa. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, ɗakin da yake ciki da rigar da ke wuyansa sun riga sun yi magana.

Bari mu fara da sutura, mu ɗauki Roots, wanda tashar ABC ta Amurka ta nuna dare takwas a jere cikin Janairun 1977. Labarin Kunta Kinte ne, ɗan ƙabilar Mandinka daga Juffure a bakin Kogin Gambiya, wanda aka kama aka sayar a 1767. Wasan ya girgiza Amurkawa, wannan ba mai musu. Sai dai a dubi Juffure ɗin da aka nuna: 'yar ruga a tsakiyar daji, samari da bante, kuma a jihar Jojiya ta Amurka aka ɗauki hoton. Alhali kuwa mutanen nan Musulmi ne masu karatu da fatauci, garinsu na kallon tsibirin da Turawa suka kafa ganuwar ciniki. Baki yana ambaton Allah, sutura tana cewa ba su san saƙa ba. Da aka sake wasan a 2016, Ruth Carter ta tsara suturar, sai ga rawuna da riguna rinannu da shuni, ga dawaki, ga Kunta yana burin zuwa karatu Tambutu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san wanne ya fi kusa da gaskiyar Afirka ta Yamma. Saboda haka tambayar mai nazari ba ita ce ko rigar ta yi kyau ba. Tambayar ita ce, wa ya saƙa ta, kuma mai wannan matsayi zai sa ta a wannan zamani?

Batun fage da ɗaukar hoto kuwa, Chernobyl na 2019, mai kashi biyar, ya ishe mu misali. Ya ba da labarin fashewar tashar nukiliya ta Yukiren ranar 26 ga Afrilu, 1986. An yi aikin a Lituwaniya, a tashar Ignalina wadda ƙirarta ɗaya da wadda ta fashe. A kashi na huɗu an tura mutane kan rufin su kwashe tarkace mai guba, kowa daƙiƙa 90 kacal. Jakob Ihre, mai ɗaukar hoton, ya bi mutum guda ba tare da yanke hoto ba, har mai kallo ya ji nauyin kowace daƙiƙa a ƙirjinsa. Wannan shi ne hoton da ya yi wa jigo hidima, ba don a ce mai kamara gwani ne ba.

Amma a nan ne nake so ɗalibai su yi hattara. Ingancin fage yakan sa a gaskata abin da bai faru ba. Tarho da motoci da gilashin ido na wasan nan duk irin na Tarayyar Sobiyat ne, ba ƙarya. Duk da haka Ulana Khomyuk, masaniyar kimiyyar nan, ƙirƙirarta aka yi don ta wakilci masana da dama, kuma Valery Legasov, wanda aka nuna yana ba da shaida a shari'ar 1987, bai halarci wannan shari'a ba.