Zafin naƙuda

 

Hirarmu ta yau a kan naƙuda ce. Kowa daga cikinmu ta wannan hanya ya zo duniya, amma ba a cika faɗar ta a fili ba. Yarinya takan yi wata tara da ciki, ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da za ta ji ranar durƙuso. Uwa tana jin kunyar ƴarta, balle ƴar fari. Iyakar abin da ake ce mata shi ne ta daure. To, dauriya tana da kyau, amma wadda ta san abin da ke tafe ta fi iya daurewa. Dan haka ke ƴar uwa mai ciki, matso kusa. Kai ma maigida kada ka tashi, da kai ake.

Ciki yakan kai mako 40, in an ƙirga daga ranar da haila ta ƙarshe ta fara. A watan ƙarshe mace takan ji cikinta ya ɗaure ya yi tauri, sai ya saki. In ta sha ruwa ta kwanta, sai abin ya wuce. Wannan ba naƙuda ba ce tukuna, mahaifa ce take gwada ƙarfinta. Naƙuda ta gaskiya ba ta wucewa da kwanciya. Tana zuwa, tana tafiya, tana dawowa, kuma kowane zuwa ya fi na baya ƙarfi. Sau da yawa akan ga wata majina mai ɗan jini-jini ta fito ta gaba. Alama ce bakin mahaifa ya fara buɗewa.

Da fari ciwon yana kama da ciwon mara na lokacin haila. Wata a ƙugu take fara jin sa, ya zagayo gaba kamar an ɗaura mata ɗamara ana ja. Yakan taso a hankali, ya kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya sauka. Tsakanin wannan da wancan akwai hutu. Ki riƙe wannan magana da kyau: akwai hutu. A farko ciwon yakan yi kamar rabin minti, hutun kuma ya kai minti 15 ko 20. A cikin hutun mace tana iya tafiya, ta yi magana, har ta yi dariya. Can gaba ciwon yakan kai minti ɗaya, hutun ya ragu zuwa minti 2 ko 3.

Me ya sa abin yake da zafi haka? Mahaifa tsoka ce, mai ƙarfi ƙwarai. Wata tara bakinta yana rufe gam dan ya riƙe ɗa. Yanzu kuwa sai ya buɗe har faɗin santimeta 10, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum, kafin kan jariri ya wuce. Duk lokacin da mahaifa ta matse, tana jan bakin nan, tana tura kan ɗan ƙasa. Zafin nan ba alamar wani abu ya lalace ba ne. Zafin aiki ne. Wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai gaba talatin ya san yadda tsoka take yin zafi in tana aiki. Sai dai mai jan guga yana iya tsayawa in ya ga dama. Mai naƙuda ba ta iya tsayar da mahaifarta.

Buɗewar farko ita ce mai jan lokaci. Daga fari zuwa santimeta 5, wata takan kwana tana fama, musamman a haihuwar fari. Daga santimeta 5 zuwa 10, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2018 cewa yawanci ba ya wuce awa 12 ga mai haihuwar fari, ko awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa. Kuma ba a haɗa mace da mace. Wata ta gama tuwon dare ta haihu kafin asuba. Wata kuwa jaririnta ya juyo da ƙeyarsa wajen bayanta, sai ta ji kamar ƙugunta zai tsage, ko a lokacin hutu ciwon bayan bai sake ta ba. Wannan ba raguwa ba ce. Nauyin da aka ɗora mata ne ya fi.

Wuri mafi tsanani shi ne gab da buɗewa ta cika. Ciwo yana bin ciwo, hutu kaɗan ne. Jiki yana rawa, gumi yana zuba, wata har ta yi amai. A nan ne mace takan ce ba za ta iya ba, ta fara neman gafara, ta ce mutuwa za ta yi. Tsofaffin ungozomomi sun san wannan wuri. In sun ji haka sukan gyara zama, dan sun san ɗa ya kusa. Faya kuma tana iya fashewa a nan, ko tun kafin nan. Fashewar faya ba ta da zafi, ruwa ne mai ɗumi kawai yake zubowa.

Daga nan ciwon yakan sake kama. Mace sai ta ji nauyi a ƙasa kamar kashi mai ƙarfi ya matse ta, jikinta da kansa yana son yunƙuri. Kada ki ji kunya in ɗan kashi ya fita, kan jariri ne ya danne hanji, kuma duk mai karɓar haihuwa ta saba ganin haka. Mata da yawa suna cewa yunƙuri ya fi musu sauƙi bisa ga jiran da ya wuce, dan yanzu suna da abin yi. Yunƙuri yana iya kai awa 3 a haihuwar fari, ko awa 2 a na baya, wata kuwa minti kaɗan ne. Sa'ad da kai ya iso bakin fita, akan ji zafi kamar wuta, ko kamar an shafa barkono. Ba ya daɗewa. In ungozoma ta ce ki dakata da yunƙuri ki yi haki, ki bi maganarta, tana so kan ya fito a hankali dan kada ki yage. Kai na fita, sauran jiki sai ya sulɓo. Mafi yawan zafin nan take yake ɗaukewa.

Saura mabiyiya. Yawanci takan faɗo cikin minti 30, ba da wani ciwo mai yawa ba. Bayan haka, kwana biyu ko uku, mara takan riƙa murɗawa, musamman in jariri yana shan nono. Mahaifa ce take komawa yadda take, kuma wannan murɗawa tana tsayar da jini. Wadda ta haihu da yawa ta fi jin ta. Ki sa jariri a nono tun cikin awa ta farko, ki ba shi dakashi, kada a zubar.

Akwai abin da ke rage zafi, kuma ba ya cin ko dala. Ki riƙa tafiya a hankali muddin kina iyawa. Ki durƙusa, ki jingina, ki kwanta a gefe, duk yadda ya fi miki daɗi. Kwanciya rigingine tun daga fari tana ƙara wahala. Ki sha ruwa ko kunu, ki riƙa fitsari. In ciwo ya taso, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi sannu ta baki. Wata ƴar uwa da kika yarda da ita ta zauna kusa, ta danna miki ƙugu da tafin hannu. Tsoro yana ɗaure jiki, jiki kuma in ya ɗaure zafi yana ƙaruwa. A manyan asibitoci na duniya akwai allura da ake yi a gadon baya, ta kashe zafin daga ƙugu zuwa ƙasa, amma ba ko'ina ake samun ta ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. A wurinmu ana yabon mace in ta haihu shiru, ba wanda ya ji motsinta. Wadda ta yi kuka kuwa akan yi mata gori har a gidan suna. Ni dai a ganina wannan gori ya kashe mata da yawa. Yarinya ta rufe ɗaki tana cije zane, ta kwana, ta wuni, ta sake kwana, ba ta faɗa ba dan kada a ce ta yi raki. Alhali kan ɗan ya kasa wucewa. In kai ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yakan mutu, daga baya ya huje. Nan ne asalin yoyon fitsari. Ana ɗinke shi a Yamai, ana ɗinke shi a Danja kusa da Maradi, inda aka buɗe asibitinsa a shekarar 2012, amma sau da yawa ɗan ya riga ya tafi. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, dan ƙashi ne ya tare, ba nama ba. Sai dai ya jawo zubar jini, ko shi ma ya huda mafitsara. Haka jiƙe-jiƙen da ake ba mace dan naƙuda ta yi sauri, wani yana iya matsa mahaifa har ta fashe.

Dan haka ku bambanta zafin aiki da zafin haɗari. Na aiki yana zuwa yana tafiya. In ciki ya yi tauri kamar dutse bai saki ba, ciwo ba hutu, wannan haɗari ne. Haka in jini yana zuba kafin ɗa ya fito. In kai yana sarawa, ido yana ganin duhu-duhu, fuska ta kumbura, ko jijjiga ta kama ta. In faya ta fashe ruwan ya fito kore ko yana wari. In hannu ko cibiya suka riga kai fitowa. In naƙuda mai ƙarfi ta kai awa 12 ba haihuwa. In an haihu jini ya ƙi tsayawa, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa. Duk ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran gari ya waye.

Mafi kyau ma kada a jira su. Naƙuda na farawa a tafi gidan likita da takardar awo, a haihu a hannun ungozomar da ta yi karatun aikin. A can akwai allurar da ake yi da zarar ɗa ya fito dan ta hana zubar jini. In kuma sai an yi aiki an ciro ɗan, su za su aika da ita babban asibiti. A shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa aikin ciro ɗa kyauta ne a asibitocinta, a 2006 kuma aka haɗa da awon ciki.

Kai maigida, tun wata na bakwai ka san motar da za ta ɗauke ta, ko amalanken wa za a ara in dare ne. Ka ajiye kuɗin mai. In za ka yi tafiya, ka bar izini a bayanka, ka faɗa wa mahaifiyarka da ƙanenka a gabanta cewa in ciwo ya tashi a kai ta, ba sai an neme ka ba. In kuma ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ka je ka faɗa wa surukanka wannan magana da bakinka.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi hira a kan wankan jego da kunun kanwa.