Mai Barcin Da Ya San Mafarki Yake Yi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya barci hutu ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, a watan azumi ana yawan tambayarmu: mutum ya koma barci bayan asuba, ya yi mafarki, yana cikinsa kuma ya gane mafarki ne, har ya sha ruwa da saninsa. Shin azuminsa ya karye? Shin aljani ne ya shafe shi, ko kuwa walittaka ce?

Amsa: azuminsa yana nan, domin babu abin da ya wuce maƙogwaronsa, kuma an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Ko da ya yi mafarkin da ke wajabta wanka, wankan kaɗai ke kansa, babu ramuwa.

Wannan hali ba shafar aljani ba ne, ba kuma karama ba ce. Likitoci sun san shi. Ya fi zuwa a barcin ƙarshe, musamman ga wanda ya tashi cikin dare sannan ya koma, kamar yadda muke yi saboda sahur.

Hadisi ya raba mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Wanda mugun mafarki ke addaba, in ya gane tun yana ciki cewa mafarki ne, tsoro kan ragu. Wannan rahama ce. In ya farka, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, ya juya ɗaya gefen, kada ya gaya wa kowa. In abin ya dawwama har ya hana shi barci, ya je ga likita. Neman magani ba ya rage tawakkali.

Amma ku kiyayi abu uku. Kada ku yanke barcinku don farautar mafarki, domin jiki yana da haƙƙi, manomi da direba sun san illar gyangyaɗi. Kada ku nemi haram a cikinsa da gangan, zuciya tana sabawa da abin da ake nuna mata. Kada ku gina hukunci a kansa: ba a ganin watan Salla a mafarki, ba a kuma zargin maƙwabciya da maita saboda shi.

Allah ya tsare barcinmu da farkenmu, ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.