Rufin Falo da Ɗaukar Murya a Gida: Abin da Zai Yi Aiki a Bune



An ɗora mini magana kan yadda mutum zai gyara rufin falonsa don muryar da ya ɗauka ta fito tas. Wani zai ce ina ruwan Bune da wannan, garin noma da kiwo a yankin Gure? To, wayar hannu ta mai da kowa mai ɗauka: mai bege, malamin da ke tura wa ɗalibai karatu ta WhatsApp, mai aika wa gidan rediyo rahoto a Damagaram, mai shirya faɗakarwa da Hausa ko Barbarci. A 2008 sai da mawaƙin Nijar Mdou Moctar ya yi tattaki zuwa Sakkwato kafin ya ɗauki faifansa na farko, duniya kuma ta fara jin sa ne a 2011, cikin faifan da kamfanin Sahel Sounds ya haɗa daga katunan wayoyin mutane a arewacin Mali. Yau ba sai an yi wannan tafiya ba. Faifan mawaƙiyar Amurka Billie Eilish na 2019 a ɗakin kwanan wanta aka haɗa shi a Los Angeles, har ya ci kyautar Grammy ta ingancin ɗauka. Kayan aiki sun iso mana, saura ɗakin.

Ciwo biyu ake haɗawa a nan, alhali maganinsu daban. Na farko ƙarar waje ce, babur da injin niƙa da kukan jaki. Ita wannan, nauyi kaɗai ke tare ta: bango mai kauri, ƙofa mai rufuwa ruf, ba kafar iska. Na biyu amon da ke yawo cikin ɗakin ne, muryarka ta bugi bango ta dawo. Shi wannan, abu mai laushi, mai shan iska, shi ke kashe shi. Duk wanda ya lulluɓe silin da soso don kada ya ji injin niƙa ya yi asarar kuɗinsa. A kan na biyun zan tsaya.

Me ya sa rufi? Falonmu yawanci ƙasansa na da tabarma ko darduma, gefe akwai kujeru da labule. Sama ne kaɗai ke nan fayau, shafaffe, ba abin da ya tare shi. A zafin ƙasarmu amo na gudun kusan mita 350 a sakan. Idan kana zaune, silin yana mita ɗaya da rabi a saman bakinka, muryar za ta hau ta sauko, mita uku ke nan, ta iso makirufo ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan bayan ta asali. Kunne ba ya raba su. Cakuɗa su yake yi, wasu sassan muryar su soke juna, wasu su kumbura, sai a ji kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana. Akwai kuma gunjin da ke tsayawa tsakanin daɓe da silin. A ɗaki mai tsawon mita uku yana faɗawa wajen Hertz 58, sannan ninkinsa, 117 da 175, waɗannan biyun kuwa a cikin muryar namiji suke, wadda gindinta ke tsakanin 85 da 180.

A nan nake son magina su saurara. Soron da iyayenmu suka gina ya riga ya yi rabin wannan aiki. Azara ba ta kwanta sumul ba, kowace da tudunta da kwarinta, don haka tarwatsa amo take yi, ba ta mayar da shi dunƙule. Ƙasar da aka ɗora a sama tana da nauyi, tana tare ƙarar waje da ta ruwan sama. Yaɓen laka ma ya fi siminti mai fenti shan amo. Da muka koma kwano da silin na falanki da daɓen tayil, mun sami ɗaki mai kyan gani wanda ya fi kowane wahalar ɗauka. Ban ce a rushe falo ba. Amma mai tsohon soro a gida, ya fara gwada ɗauka a can kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya.

Lissafin abin ba sabo ba ne. A 1895 Jami'ar Harvard a Amurka ta ba wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a gane maganar mai magana. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zauren, yana jerawa, yana auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake bi har yau: a ninka girman cikin ɗaki da 0.161, a raba da yawan abin da ke shan amo. Mu ɗauki falo mai mita huɗu a biyar, tsawo mita uku. Idan abin da ke shan amo a ciki bai wuce kwatankwacin murabba'in mita shida ba, amo zai yi sakan 1.6 yana yawo. Magana kuwa kusan sakan 0.4 take so, wato sai an kai murabba'in mita 24. Silin ɗin duka 20 ne. Kun ga ke nan rufi shi kaɗai ba zai gama aikin ba, darduma da labule mai kauri da kujerun kushin suna da rabonsu. Aikin da rufi ya keɓanta da shi shi ne kashe wancan amo na farko da ke faɗowa kan makirufo, wannan kuwa ba ya bukatar a rufe silin gaba ɗaya.

Kauri ne sirrin. Abu mai laushi yana cin amo sosai idan kaurinsa ya kai rubu'in tsawon zangon amon. Santimita biyar na ci da kyau daga wajen Hertz 1,750 zuwa sama, santimita goma daga 875, ashirin daga 440. Shi ya sa bargo ɗaya da aka kafa da ƙusa a silin yake cinye kaifin murya ya bar gunjin, sai abin ya fi da muni. Dabarar da ba ta cin kuɗi ita ce rata: abu mai kaurin santimita goma, a rataye shi da tazarar santimita goma daga silin, zai yi kusan aikin mai ashirin.

Me za a cusa? Ku kara abin a baki ku hura. Idan iska ta wuce da ɗan ƙoƙari, zai yi. Idan ba ta wuce ba, a ajiye shi. Da wannan gwaji kiret ɗin ƙwai ya faɗi, ko da yake an ga shi a bangon situdiyo da yawa, haka nan farin abin nan maras nauyi da ake dafe talabijin da shi a kwali. Mafi inganci audugar dutse ce ko ta gilashi da ake sa wa gini don zafi, sai dai tana ƙaiƙayi, dole a sa safar hannu da takunkumi, a kuma naɗe ta da yadi. Inda ba a same ta ba, audugar katifa da tsofaffin barguna da ƙyallayen tela suna aiki, muddin ba a danne su sun yi tauri ba. Kafinta ya haɗa akwatin katako marar murfi, mita 1.2 a santimita 60, zurfi santimita goma, a ɗaura masa akoko ko wani yadi mai shan iska. Guda huɗu sun isa saman wurin da ake zama a yi ɗauka. A rataye su a jikin katakon da ke riƙe da rufin, kada a amince wa falankin silin, ba zai ɗauki nauyin ba. Mai haɗa kiɗa da lasifika ya zauna a mazauninsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin silin, duk inda ya hango lasifikar a madubin, nan ne wurin ratayawa.

Sai maganar wuta, kuma ina roƙon kada a ɗauke ta da wasa. Ranar 27 ga Janairu 2013, a wani gidan rawa a Santa Maria ta ƙasar Brazil, tartsatsi ya kama soson da aka manna a silin don amo, mutum 242 suka mutu, akasarinsu hayaƙin soson ne ya kashe su. Shekara goma kafin nan, irin wannan soso ya ci rai ɗari a Rhode Island ta Amurka. Soson katifa ba abin sa wa a saman kai ba ne. Audugar rimi ma da tartsatsi ɗaya take tashi. Ko auduga ta gari aka sa, a nisanta ta da wayar lantarki da ƙwan fitila, kada kuma a ajiye kaskon turaren wuta a ƙarƙashinta.

Bune na da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu za ta cika yadin, gara na son katako, ɓera na son auduga, saboda haka a rataye da ƙugiya yadda za a sauke a kakkaɓe. Falo kuma na iyali ne, a nemi yardar uwargida, a bar mata zaɓin launin yadin. Ƙarar ruwa a kan kwano, da ƙas-ƙas ɗin da yake yi idan rana ta gasa shi, babu abin da za a rataya a ƙasa ya hana su, sai dai a ɗauka da sassafe ko bayan isha'i, a kuma kashe fanka. A matso da makirufo: daga santimita 30 zuwa 15, murya na ƙaruwa da desibel shida a kan amon ɗakin.

Kafin a kira kafinta, a tsaya a wurin ɗaukar a tafa hannu sau ɗaya, waya na ɗauka. Bayan an rataye a sake tafawa a wuri guda, a saurari biyun da abin kunne. Idan har yanzu ana jin wata ƙara na karkarwa bayan tafin, daga bangaye biyu masu fuskantar juna take, sai a sa wa ɗayansu labule mai kauri.