Jawabin Babban Baƙo a Walimar Ɗalibanmu da Suka Kammala Jami'a a Winnipeg

 

Mai girma shugaban taro, dattawanmu na wannan gari, malamanmu limamai, shehunan malamai na jami'a, iyayenmu mata da suka kwana a tsaye saboda wannan walima, 'yan'uwanmu na Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan, iyayen da suka taso takanas daga gida da waɗanda ke kallonmu ta waya daga Kano da Zariya da Maraɗi, sannan ku ɗalibai masu wannan rana, barkanku da zuwa. Bana Allah ya ba mu injiniyoyi da ma'aikatan jinya da masana kwamfuta da masana noma da akantoci, ga masu digiri na biyu, ga waɗanda daga yau sai dai a ce musu dakta. Da yawanku kun haɗa karatu da aikin dare, cikin sanyin da duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Manitoba ya san shi. Allah ya yi muku albarka, ya saka wa iyayenku.

Kun ji yadda aka buɗe bikin yaye ku a jami'a, da shelar cewa harabar tana kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, ƙasar Anishinaabe da Cree da Dakota, kuma mahaifar al'ummar Metis. Mafi yawanmu mun saurare ta kamar gabatarwar da ake jira ta wuce. To, a kanta zan tsaya. A yarjejeniyar nan ta 1871 an yi wa 'yan asalin ƙasa alkawarin makaranta a garuruwansu. Abin da suka samu shi ne makarantun kwana da gwamnati ke biya, coci-coci ke gudanarwa, inda a faɗin Kanada aka kwashi yara kimanin 150,000 daga hannun iyayensu, aka hana su harshensu, dubbai suka mutu ba su koma gida ba. Ta ƙarshe ba ta rufe ba sai a shekarun 1990, wato da ran da yawa daga cikinmu. Hukumar Gaskiya da Sulhu da ta binciki makarantun nan, ƙarƙashin marigayi Mai Shari'a Murray Sinclair, ɗan wannan lardi, ta saurari shaidu sama da 6,000, ta fitar da buƙatu 94 a 2015. Bayanan shaidun nan suna ajiye a Jami'ar Manitoba, inda wasunku suka yi shekara huɗu suna shiga da fita.

Adalci ne a faɗi abin da aka yi. Jami'ar Manitoba ta nemi afuwa a bainar jama'a tun 2011. Ta gina Migizii Agamik, gidan da ɗalibai 'yan asali ke samun dattawansu da masu ba su shawara, kuma kowace shekara ana yi musu bikin yaye na gargajiya. Jami'ar Winnipeg tun 2016 ta wajabta wa kowane sabon ɗalibin digirin farko ya ɗauki darasi kan 'yan asali. A 2023 Wab Kinew, ɗan asalin ƙasa, ya zama firimiyan wannan lardi. Duk wannan ci gaba ne, kuma mun yaba.

Amma kyan alkawari cikawa, cikawar kuwa kuɗi ce. Wannan ita ce maganar da ta kawo ni. Daga 1996, har kimanin shekara 20, gwamnatin tarayya ta ƙayyade ƙarin kuɗin tallafin karatun jami'a na Al'ummomin Farko, wato wani rukuni na 'yan asali, a kashi 2 cikin 100 a shekara, alhali matasansu na ƙaruwa, kuɗin makaranta na hawa fiye da haka. Sakamakonsa shi ne majalisar gari ta zauna da takardun yaran da duk suka samu gurbi, ta zaɓi wanda zai tafi bana da wanda zai jira. Buƙata ta 11 ta hukumar kai tsaye ta ce a kawo ƙarshen wannan jira. Ku duba kuma halin yaron da ya fito daga arewacin lardin nan, garin da sai jirgin sama ko hanyar ƙanƙara ke kai ka, wanda wataƙila tun yana sakandare ya bar gida domin babu ajin gaba a garinsu. Kuɗin haya, kuɗin jirgi idan an yi rasuwa, kuɗin renon jariri ga ɗaliba mai goyo, su ne ke fitar da ɗalibi daga jami'a a shekarar farko, ba ƙarancin basira ba. Haka harshe. Buƙata ta 16 ta nemi jami'o'i su buɗe digiri a harsunan 'yan asali, amma dattawan da suka iya harsunan nan tsufa suke yi, kuma digiri ba ya tsayuwa a kan dattijon da ake gayyata lokaci-lokaci a ba shi ɗan hasafi. Yana buƙatar kujerar malami ta dindindin a cikin kasafi. Yanzu da aka rage izinin ɗalibai baƙi tun 2024, aljihun jami'o'i ya motse, kuma kowa ya san shirin da ke rayuwa a kan tallafin wucin gadi shi ake fara yankewa. Shelar ƙasa ba ta cin ko sisi, shi ya sa ba za a taɓa yanke ta ba.

Na san abin da ake faɗa a majalisunmu. Ana cewa mu muna biyan ninkin-ba-ninkin kuɗin makaranta, su kuwa kyauta suke karatu. Nauyin da ke kanmu gaskiya ne, kuma ya cancanci a yi ƙorafi a kansa. Amma kyautar da ake faɗa ba haka take ba: tallafin bai isa kowa ba, ba kowane ɗan asali ne ma ya cancanci nemansa ba, kuma har yau kason masu digiri a cikinsu bai kai rabin na sauran jama'a ba. Abin da suke karɓa kuwa hakki ne da aka rubuta a madadin ƙasar da muke zaune a kanta. Ana kuma cewa ba kakanninmu suka yi ɓarnar ba. Haka ne. Sai dai mu mutane ne da suka san ba a rabon gado sai an biya bashin mamaci. Ruwan da muka dafa abincin walimar nan da shi daga tafkin Shoal yake zuwa, kuma mutanen Shoal Lake 40, da aka mayar da garinsu tsibiri domin a ja wa Winnipeg ruwa, sun yi shekara 24 suna tafasa nasu kafin su sha, sai 2021 suka huta. Tun 2021 ɗin kuma duk wanda ya yi rantsuwar zama ɗan Kanada yana rantsuwa da kiyaye hakkokin yarjejeniyoyin nan. Wasunku sun riga sun ɗaga hannu sun rantse.

Akwai kuma abin da ba zan rufe ba. Wasu yaranmu ba su cika wata uku da sauka ba sun koyi raina 'yan asalin da suke gani a titunan tsakiyar gari. Wannan abin kunya ne, ku daina. Da yawanmu an ci mu tara a makaranta don mun yi Hausa, amma da yamma mukan koma gida uwa ta yi mana magana da harshenmu, kuma yau ana digiri na uku a Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato. Su an raba su da uwar ne gaba ɗaya, tsara bayan tsara. Wanda yake kukan 'ya'yansa da aka haifa a nan ba sa jin Hausa ya kamata ya fi kowa gane wannan ciwo.

Don haka ina roƙon shugaban taro da dattawa, a ware wani kaso na gudummawar da muke tarawa duk shekara a saka a asusun tallafin ɗalibai 'yan asali na jami'o'in garin nan, kuma a bayyana adadin a taronmu na baɗi. Ku da ke sauran karatu, idan aka kawo kasafi a ƙungiyar ɗalibai ko majalisar jami'a, ku tambayi nawa aka ware wa cibiyoyinsu da malaman harsunansu, kuma na dindindin ne ko na shekara ɗaya. Ranar 30 ga Satumba, ranar tunawa da yaran makarantun kwanan nan, kada ku ɗauke ta hutun barci, ku fita ku saurara. Ku kuma da za ku fara aiki a asibitoci da makarantu da ofisoshin lardin nan, 'yan asalin nan ne za ku riƙa yi wa hidima kullum, ku karɓe su da mutunci.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya mayar da kowa gidansa lafiya.