Kujerar da Aka Bari a Rumbun Bayanai



A nan Minna, inda hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, inda kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, take tara ɗalibai a Bosso da Gidan Kwano, ba wanda bai san cunkoson lokacin rajista ba, sa'ad da jama'a masu ɗimbin yawa suke neman shiga rumbun bayanai guda a sa'a guda.

To, ga mas'alar. Ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya buɗe takardar wani ɗalibi, aka kira salla ko wata lalura ta taso, ya tashi bai fita daga rumbun ba. Alhali kuwa rumbun yana da iyakar mutanen da zai ɗauka, kuma sau da yawa takardar da wani ya buɗe domin gyara tana kulle ga saura, tamkar wanda ya bar gugansa cikin rijiya ya tafi kasuwa. Mafi muni, duk wanda ya zauna kujerar zai iya sauya maki da sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka nake ganin wajibi ne na'urar ta riƙa rufe zaman da aka yi gafala da shi, bayan kamar minti 15, bisa sharaɗin ta yi gargaɗi tukuna, ta kuma adana abin da aka rubuta, domin magatakardan da ya tsaya duba fayil kada wahalarsa ta tafi a banza.