Karatu a Jami'o'in Gwamnati na Ƙasashen Waje: Me Ɗan Fadamar Haɗejiya Zai Je Nema?

 

An nemi mu yi magana a kan wani al'amari da ya shiga kusan kowane gida na malami a masarautar nan, daga Auyo zuwa Birniwa, daga Kafin Hausa zuwa Guri. Yaro ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya zauna babu aiki, sai ya ce zai tafi waje ƙaro ilimi. Wani lokaci ma malamin ne da kansa yake wannan buri. Tambayar da ake kawo mana kullum ita ce: nawa za a kashe? Mu kuwa a ganinmu akwai tambayar da ta riga wannan, wato wace irin jami'a, kuma me za a je nema a cikinta.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne ga malaman Arewa. A shekarar 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan yana malamin makaranta, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Malam Aminu yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ke nan ita kanta tafiyar ƙungiyanci da muke alfahari da ita tana da alaƙa da karatun waje. Abin lura shi ne, waɗannan bayin Allah sun tafi suna sane da abin da ya rage musu, sun kuma dawo suka zuba shi a inda suka baro.

To, mece ce jami'ar gwamnati mai zurfafa bincike? Jami'a ce wadda al'ummar ƙasarta suka kafa da harajinsu, kuma aikin malamanta bai tsaya ga koyarwa ba. Farfesa a can yana da ɗakin gwaje-gwaje ko filin nazari, yana neman kuɗin bincike daga hukumomi, kuma da wannan kuɗin yake ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na digirgir su taya shi aiki. Wannan ita ce ƙofar da talaka yake shiga. A yawancin jami'o'in jihohin Amurka, ɗalibin digirgir a fannin kimiyya ba ya biyan kuɗin makaranta. Ana ba shi alawus na wata-wata, shi kuma yana taimakawa wajen koyarwa ko bincike. A Jamus mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin rajista na zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙi tun 2017. Amma kada kalmar kyauta ta ruɗe mu. Kafin Jamus ta ba da bizar karatu, sai ɗalibi ya nuna yana da abin ciyar da kansa na shekara, wanda aka ƙayyade yuro 11,904 tun watan Satumban 2024. A canjin da muke gani tun daga lokacin, wannan ya haura naira miliyan 15. Kowa a zauren nan ya san albashinsa, ba sai mun yi masa lissafi ba.

Wannan ya sha bamban da makarantun da dillalai suke tallatawa a wayoyin 'ya'yanmu, inda kuɗi kawai ake tambaya, ba a tambayar sakamako. Mun ga abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024. Wasu iyayen sun sayar da gona a bakin kogi domin takardar da yau ba ta da daraja a kowane ofis. Jami'ar gwamnati ta gaskiya ba ta buƙatar ɗan tsakiya. Da kanka za ka cike takardarta a intanet, kuma idan ta ƙi ka, za ta faɗa maka ta ƙi ka.

Bari mu dawo gida, domin a nan ne maganar take da daɗi. Wannan fadama da muke noman shinkafa da alkama a cikinta, muke kamun kifi, makiyaya suke shayar da shanunsu da rani, sananniya ce a jami'o'in duniya fiye da yadda yawancinmu muka zata. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da yake malala a fadamar Haɗejiya da Nguru ya ragu, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992. Masana daga jami'o'in Ingila suka yi shekaru suna auna ruwan nan. A 1993 aka wallafa littafi sukutum a kan fadamar, wanda Hollis na Kwalejin Jami'a ta Landan da Adams na Kambirij suka shirya tare da Dokta Muhtari Aminu-Kano. Masana tattalin arziki kuma suka yi lissafin abin da ruwa yake samarwa idan an bar shi ya malala a fadama, noma da kifi da itace, suka gwada da abin da yake samarwa a gonakin ban-ruwa na Kano, suka tarar fadama ce ke da riba. Har yau ana koyar da wannan nazari a azuzuwan ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Kirikasamma ba. A 2008 aka shigar da dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Sai kachala, wadda ba sai an bayyana wa ɗan Haɗejiya ita ba. Tun da madatsun suka sa ruwa yana gudana rani da damina a hanyoyin da a da suke bushewa, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi, ta kuma taimaka wajen karkatar da ruwa zuwa garuruwa kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. A shekarun baya Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta haɗa gwiwa da Jami'ar Maryland ta Amurka da jami'ar fasaha ta Madrid a Sifaniya, da tallafin Bankin Duniya, suka yi binciken yadda za a mayar da kachala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Duka biyun jami'o'in gwamnati ne masu bincike.

Dalilin da ya sa muka daɗe a nan shi ne, farfesan da yake neman ɗalibi yana samun ɗaruruwan wasiƙu masu kama da juna, kowa yana cewa yana da sha'awar ilimi. Amma yaron da ya tashi a Guri, ya san watan da ruwa yake isowa, ya san yadda masunci da manomi da Bafulatani suke rabon wuri guda a lokuta daban-daban na shekara, yana jin Hausa ko Bade ko Kanuri ko Fulatanci, yana riƙe da abin da babu shi a ɗakin karatunsu. Abin takaici, 'ya'yanmu suna ɓoye wannan, suna ganin ƙauyanci ne, suna kwaikwayon wasiƙar da suka tsinta a intanet. Mu malamansu mu ne ya kamata mu nuna musu cewa sanin gida ma jari ne.

Ba za mu ɓoye haɗarin tafiyar ba. A watan Fabrairun 2022 yaƙin Yukiren ya kori dubban ɗalibai 'yan Nijeriya daga karatunsu. A watan Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibai ta kan iyakar Masar da Port Sudan, cikinsu har da 'ya'yan Jigawa masu karatun likita. Bayan watanni biyu aka saki naira, dalar da take kusan 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024, mai biyan kuɗi daga aljihunsa ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku yana tsakiyar karatu. Ingila ta hana masu digiri na biyu na koyarwa tafiya da iyalansu tun Janairun 2024, abin da ya shafi malami mai mata da 'ya'ya kai tsaye. Ita ma TETFund ta dakatar da tura malaman manyan makarantu waje daga farkon 2025. Wanda kuma ya karanta likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin ya taɓa majinyaci. Ga kaɗaici, ga sanyi, ga azumi mai tsawon yini idan ya faɗo a bazararsu.

Saboda haka ra'ayinmu, kuma mun san ba kowa zai yarda ba, shi ne digirin farko a yi shi a gida. Muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Bayero a Kano. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai kai a jefa shi ƙasar da ba shi da kowa ba, kuma tallafin digirin farko a waje ƙalilan ne. A dage a fito da sakamako mai kyau, sannan a nemi waje a matakin da jami'a ce za ta ɗauki nauyi. Kada a sayar da gona, kada a ci bashin ƙungiyar adashi a kan takardar shiga makaranta wadda ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin shekara ta biyu ba.

Ga 'yan uwa malamai matasa, shekarun da kuka yi a aji ba su tafi a banza ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, kuma koyarwa aiki ce. Sharaɗinsa shi ne ka dawo ƙasarka ka yi shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na Commonwealth, akwai na DAAD na Jamus. Dukkansu suna rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin a fara karatu, Chevening ma kusan shekara guda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi ɓata lokaci shi ne fitar da cikakken sakamako daga jami'ar da aka gama, da jarrabawar Turanci irin su IELTS, da samun malamai biyu ko uku da za su rubuta shaida. Wanda yake bakin aiki kuma ya nemi izinin tafiya karatu a rubuce ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumarsa, ya riƙe kwafin amincewar a hannunsa kafin ya sayi tikiti, domin kada ya dawo ya tarar an cire sunansa daga jerin masu albashi.

Duk wanda aka turo wa ɗansa takardar shiga wata jami'a, ya kawo ta ofishin reshe mu duba tare kafin ya biya ko sisi. Za mu nemi sunan jami'ar a jerin hukumar ilimi ta ƙasarta, mu kuma rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai kai tsaye mu ji ko daga gare su takardar ta fito.